Ƙashin cinya na 13: yadda DNA ɗin uwa ya rikita asalin mutanen Sima de los Huesos

A watan Disamba na 2013 mujallar Nature ta buga sakamakon wani bincike da Matthias Meyer da abokan aikinsa na Cibiyar Max Planck da ke Leipzig a Jamus suka yi a kan wani ƙashin cinya da aka haƙo a arewacin Sifaniya. Mai ƙashin ya mutu kimanin shekara 400,000 da suka wuce. Samun DNA a jikinsa ma kaɗai ya isa labari, domin kafin nan ba a taɓa karanta na wani ɗan adam da ya kai ko rabin wannan tsufa ba. Amma abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne abin da DNA ɗin ya faɗa. Duk wanda ya san ƙasusuwan wannan wuri ya san kamannin Niyandatal, wani jinsin mutanen dā da ya ƙare, ne a fuskokinsu da haƙoransu. Sai ga DNA ɗin mitokondiriya, wanda ake gado daga uwa kaɗai, yana cewa danginsu na kusa su ne 'yan Denisova, mutanen da a lokacin iyakar abin da aka mallaka nasu shi ne guntun ƙashin yatsa da haƙora biyu daga wani kogo a Siberiya, dubban kilomita gabas da Sifaniya.

Ramin da abin da ke cikinsa

Sima de los Huesos, wato Ramin Ƙasusuwa, yana cikin duwatsun Atapuerca kusa da birnin Burgos. Ba wurin da ake shiga a tsaye ba ne. Daga bakin kogon Cueva Mayor sai an yi tafiyar kusan mita 500 a cikin duhu, wani wurin da rarrafe, kafin a iso bakin wata rijiya mai zurfin mita 13. A ƙasanta akwai gangare da ya kai ga wani ɗan ɗaki, kuma a cikin jan yumɓun ɗakin ne ƙasusuwan suke, na mutane a cakuɗe da na beyar. A 1976 ne Trinidad Torres, wanda ƙashin beyar ya kai shi wurin, ya ci karo da muƙamuƙin mutum. Daga baya Juan Luis Arsuaga ya jagoranci haƙar ramin, aka fito da gutsattsarin ƙashi sama da 6,500 na aƙalla mutum 28. Babu wani wuri a duniya da ya ba da ƙasusuwan mutanen wancan zamani masu yawa haka.

Da farko an sa su cikin jinsin da ake kira Homo heidelbergensis. Sai dai siffarsu ta fi karkata ga Niyandatal: tsakiyar fuska ta turo gaba, muƙamuƙi da haƙora duk irin nasu, ƙoƙon kai ne kawai bai kai na Niyandatal na baya girma ba. A 2014, da aka bayyana ƙoƙunan kai 17 daga ramin, aka tsayar da shekarunsu a kan kimanin 430,000.

Wani abin da ya taimaka shi ne yanayin ramin. Yana ƙarƙashin ƙasa da kusan mita 30, sanyinsa bai cika gusawa daga digiri 10 da 'yan kai ba, rani da damina, kuma ba abin da ya motsa yumɓun tsawon dubban ɗaruruwan shekaru. Zafi shi ne babban makashin DNA. In da a fili ƙasusuwan suka kwanta, da tuni babu abin karantawa.

Me ya sa aka fara da mitokondiriya

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jiki akwai DNA iri biyu, kowanne jerin haruffa ne guda huɗu, A da C da G da T. Babban yana cikin cibiyar ƙwayar, haruffa kusan biliyan 3, kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Ƙaramin yana cikin mitokondiriya, 'yan ƙananan sassan da ke samar wa ƙwayar ƙarfi. Shi zobe ne mai haruffa 16,569 kacal, amma kowace ƙwaya tana ɗauke da ɗaruruwa ko dubban kwafinsa. Wanda ke neman raguwar DNA a tsohon ƙashi dole ya fara da wanda ya fi yawa.

Daga uwa kaɗai ake gadonsa. Namiji yana da shi, amma ba ya miƙa wa 'ya'yansa. Kuma ba ya gauraya da na kowa, yana sauka yadda yake daga uwa zuwa 'ya zuwa jika, sai dai ɗan kuskuren kwafi da kan faru jefi-jefi. Kamar littafi ne da ake ta kwafa da hannu: in ka ga kwafi biyu sun yi tarayya a kuskure guda a wuri guda, ka san daga hannu ɗaya suka fito, kuma yawan kurakuran da suka raba su zai nuna maka tsawon lokacin da suka rabu. Da wannan lissafi ne Rebecca Cann da Mark Stoneking da Allan Wilson suka gwada na mutum 147 a 1987, suka ce dukkan mitokondiriyar mutanen yau tana komawa ga mace guda da ta rayu a Afirka kimanin shekara 200,000 da suka wuce.

Sauƙin nan nasa kuma shi ne rauninsa. In mutum ya ƙirga kakanninsa zuwa hawa goma, zai sami gurabe 1,024. Mitokondiriyarsa daga guda ɗaya tak ta fito, uwar uwar uwarsa har can sama. Sauran 1,023 ba su da bakin magana a ciki. Macen da ta haifi maza zalla, ko da guda goma ne, layinta ya yanke daga kanta, alhali jininta yana nan a cikin jikoki.

Abin da aka riga aka sani kafin a taɓa ƙashin Sima

Kwatanta mitokondiriyar mutanen yau da ta dangin da suka ƙare ya soma ne a 1997. Matthias Krings, ɗalibin Svante Pääbo a Munich, ya karanta haruffa 379 daga ƙashin damtsen Niyandatal ɗin nan da masu fasa dutse suka tono a kwarin Neander a 1856. Anne Stone ta maimaita wani sashe na aikin a Amurka don a tabbatar ba gurɓata ba ce. A wannan yanki, mutanen yau sukan bambanta da juna a wurare 8 a matsakaici. Niyandatal ɗin ya bambanta da su a wurare 27. Jaridu suka ɗauka cewa magana ta ƙare, Niyandatal ba kakanninmu ba ne. Tun a 1998 Magnus Nordborg ya nuna da lissafi cewa layin uwa guda ba zai iya kore auratayya ba, amma muryarsa ba ta kai inda kanun labarai suka kai ba.

A 2008 aka karanta cikakken zoben daga wani ƙashi na kogon Vindija a Kuroshiya. Sannan a watan Maris na 2010 Johannes Krause ya fitar da na guntun yatsan nan na kogon Denisova a duwatsun Altai. Niyandatal ya bambanta da mutanen yau a wurare 202 a matsakaici. Na Denisova ya bambanta a wurare 385, kusan ninki biyu. Don a ga mizani, na birin cimfanzi 1,462 ne. Bisa wannan, hoton ya fito sarai: mu da Niyandatal 'yan ɗaki ɗaya ne, ɗan Denisova kuwa bare ne da ya rabu da mu tun kusan shekara miliyan ɗaya.

Ba a rufa shekara ba DNA ɗin cibiya ya zo ya ce ba haka ba. A watan Mayu aka nuna cewa mutanen da asalinsu ba Afirka ba ne suna ɗauke da ɗan kaso na Niyandatal, wanda daga baya aka daidaita a kan kusan kashi 2 cikin ɗari, duk da cewa har yau ba a sami mai rai ko guda da ke da mitokondiriyar Niyandatal ba. A watan Disamba kuma aka nuna cewa Niyandatal da 'yan Denisova su ne suka fi kusa da juna, mu ne muka fara rabuwa da su. To ga bishiyar dangantaka biyu da suka saɓa, ta mitokondiriya da ta cibiya. Yawancin masana a lokacin sun ɗora laifin a kan ɗan Denisova: wataƙila ya samo baƙuwar mitokondiriyarsa daga wani tsohon jinsi da kakanninsa suka tarar a Asiya. A haka ake lokacin da aka huda ƙashin Sima.

Yadda aka ciro shi

Ba a fara da ƙashin mutum ba. Ƙashin da ya yi shekara 400,000 ba abin da za a ɓarnatar a kan gwaji ba ne, don haka aka fara da na beyar daga rami guda. Jesse Dabney da abokan aiki sun gyara hanyar tace DNA ta yadda za ta riƙe gutsattsarin da a da suke zubewa saboda ƙanƙanta, Marie-Theres Gansauge da Meyer kuma suka samar da hanyar karanta zaren DNA ɗaya-ɗaya maimakon a jira biyu a haɗe kamar yadda yakan zo. Da aka ga mitokondiriyar beyar ta fito, sai Arsuaga ya ba da ƙashin cinyar da ke da lamba 13.

An huda shi an tara garin ƙashi da bai cika giram 2 ba. Abin da ya fito daga garin yawanci na bakteriya ne. Ɗan na mutum da ke ciki kuma, mafi yawansa na mutanen yau ne, waɗanda suka haƙo ƙashin, suka wanke shi, suka manne shi, suka yi ta juya shi a hannu shekara da shekaru. Nan gizo ke saƙa: DNA ɗin mai bincike da na wanda ake bincike a kansa sun yi kama sosai, ta yaya za a raba su?

Abu biyu aka riƙe. Na farko tsawo: tsohon DNA ya ragargaje, gutsattsarinsa ba sa wuce haruffa 30 zuwa 45, na zamani kuwa ya fi haka tsawo. Na biyu tabo. In DNA ya daɗe, harafin C da ke bakin gutsure yakan lalace, na'ura ta karanta shi a matsayin T. Sai aka zubar da duk gutsuren da ba shi da wannan tabo a bakinsa, aka bar gajeru masu tabo kaɗai. An yi asarar na gaske da yawa ta haka, amma abin da ya rage ya isa a jera kusan dukkan zoben. Har shekarun ƙashin an ƙiyasta daga DNA ɗin kansa: wanda ya mutu tun da daɗewa ya daina tara kurakuran kwafi, don haka reshensa ya fi na masu rai gajarta, kuma giɓin ya ba da kimanin shekara 400,000. Lissafin duwatsu ya zo ya yi daidai da wannan.

Da aka ɗora shi a kan bishiya, bai zauna kusa da Niyandatal ba. Reshen Denisova ya hau, kuma lissafi ya nuna su biyun sun haɗa kaka mace kimanin shekara 700,000 da suka wuce.

Masu binciken ba su yi gaggawar yanke hukunci ba, kuma a ganina wannan ne abin yabo a takardar. Sun jera yiwuwa huɗu. Ko dai mutanen Sima kakannin 'yan Denisova ne, wanda haƙoransu ba su goyi baya ba, don turamen haƙoran Denisova manya ne ƙwarai kuma ba su yi kama da na Sima ba. Ko wata al'umma ce daban da ta ba 'yan Denisova mitokondiriyarta daga baya, wanda zai bar tambayar inda suka samo fuskar Niyandatal. Ko suna kusa da tushen da Niyandatal da Denisova suka fito. Ko kuma wani tsohon jinsi ne ya shigar da wannan layi cikin al'ummomin biyu. Mitokondiriya ba za ta iya zaɓa tsakanin huɗun ba. Sai an nemo DNA ɗin cibiya, wanda kwafinsa biyu ne tak a kowace ƙwaya.

Amsa ta biyu

A nan masu haƙa suka canza salon aikinsu. Wasu ƙasusuwan da aka samu daga baya an ciro su da tsabtatattun kayan aiki, aka bar su lulluɓe da yumɓunsu ba tare da an wanke ba, har suka isa ɗakin gwaji. A watan Maris na 2016 Meyer da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon samfuri biyar. Biyu daga ciki, haƙorin gaba da wani guntun ƙashin cinya, sun ba da DNA ɗin cibiya da za a iya aiki da shi. Kaɗan ne ƙwarai, bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na dukkan haruffan ba. Amma kaɗan ɗin nan ya warwatsu a wurare da dama, kowane wuri da tarihinsa, ba layi guda ba ne.

Sakamakon ya goyi bayan masu duba ƙashi. Mutanen Sima Niyandatal ne na farko-farko, ko kuma danginsu na kusa sosai. Hakan na nufin Niyandatal da Denisova sun riga sun rabu kafin shekara 430,000, kuma rabuwarmu da su biyun ta fi haka nisa, tsakanin shekara 550,000 zuwa 765,000. Mitokondiriyar sauran samfuran da aka iya karantawa kuma ta sake fitowa irin ta Denisova. Ashe ba mutum guda ba ne ya fita daban.

Allura ta tono garma. In Niyandatal na farko suna ɗauke da mitokondiriya irin ta Denisova, to babu wani abin mamaki a tattare da ita: gadon gidansu ce, suka rabu kowa ya tafi da ita. Wadda ke buƙatar bayani ita ce ta Niyandatal na baya, irin na Vindija da kwarin Neander, wadda ta fi kusa da tamu. Lissafin baya-bayan nan ya sa rabuwar mitokondiriyarsu da tamu a kan kimanin shekara 400,000, alhali al'ummomin biyu sun rabu tun kafin haka da nisa. Layin uwa ba ya rabuwa bayan mutane sun rabu, sai in an sake haɗuwa. Meyer ya kawo shawarar cewa wata al'umma daga Afirka, mai kusanci da kakanninmu, ta shiga cikin Niyandatal, kuma sannu a hankali mitokondiriyar matanta ta maye gurbin ta asali gaba ɗaya.

Shaidar da ta biyo baya

A 2017 Cosimo Posth da abokan aikinsa suka karanta mitokondiriyar wani ƙashin cinya da aka samu a 1937 a kogon Hohlenstein-Stadel a kudu maso yammacin Jamus, mai kimanin shekara 124,000. Irin ta Niyandatal na baya ce, amma reshenta ya rabu da na sauran tun kusan shekara 270,000. Ke nan baƙon layin ya riga ya shigo kafin lokacin, har ya sami damar yin rassa. Wannan ya sa shigowar a tsakanin rabuwar layin da namu da kuma wannan lokaci, wato tun kafin babbar fitowar mutanen yau daga Afirka da shekaru sama da dubu ɗari biyu.

A 2020 Martin Petr ya duba ɗaya gefen, kuromosom Y, wanda ke sauka daga uba zuwa ɗa. Ya gwada na Niyandatal uku da na 'yan Denisova biyu. Labari ɗaya ne: na Denisova ya rabu da namu kimanin shekara 700,000, na Niyandatal kimanin 370,000. Shi ma an maye gurbinsa.

Ta yaya 'yan baƙi kaɗan za su shafe layin uwa da na uba na al'umma guda, alhali a DNA ɗin cibiya kasonsu bai wuce 'yan kashi kaɗan ba? Sa'a kaɗai za ta iya yin haka a ƙaramar al'umma, amma a ce ta yi sau biyu, da wuya. Bayanin da Petr ya gwada a kwamfuta ya fi gamsar da ni. Niyandatal ba su da yawa, kuma sun daɗe a haka. A ƙaramar al'umma, ƙananan lahani na gado sukan taru, musamman a sassan da ba sa gauraya, wato mitokondiriya da Y, tunda babu hanyar da mai kyau zai rabu da maras kyau. In na baƙi ya fi nasu lafiya ko da da ɗan ƙanƙanin tazara, yiwuwar ya mamaye su tana ninkuwa sau da yawa cikin dubban shekaru. Wannan dai lissafi ne, ba a nuna takamaiman lahanin ba.

Akwai mutum biyu da suka nuna haɗarin dogaro da layin uwa a kan mutum guda. Wani guntun ƙashi daga kogon Denisova, na yarinyar da ta rayu kimanin shekara 90,000 da suka wuce, ya ba da mitokondiriyar Niyandatal, aka rubuta shi a haka. A 2018 Viviane Slon ta karanta na cibiya, sai ga shi uwarta ce Niyandatal, ubanta ɗan Denisova. Mutumin Oase na Romaniya kuwa, mai kimanin shekara 40,000, mitokondiriyarsa irin tamu ce tsaf, amma Qiaomei Fu ta nuna a 2015 cewa yana da kaka Niyandatal a hawa na huɗu zuwa na shida. A duka biyun mitokondiriyar ba ta yi ƙarya ba. An tambaye ta wace ce uwar uwa, ta faɗa. Masu karatu ne kan ɗauka ta amsa tambayar ko wane ne mutumin.

Inda lamarin Sima ya fi taɓa ni shi ne abin da ya yi wa sakamakon 1997. Bambancin nan na wurare 27 da aka ɗauka a matsayin hujjar cewa mu da Niyandatal ba mu taɓa cuɗanya ba, an auna shi ne a kan layin da, in wannan bayani ya tabbata, shi kansa ta hanyar cuɗanya ya shiga cikinsu. Krings bai yi kuskure a harafi ko ɗaya ba, kuma aikin da ya soma yana cikin abin da ya kai Pääbo ga lambar Nobel a 2022. Amma abin da ya kwatanta da namu ba asalin mitokondiriyar Niyandatal ba ce, wani tsohon reshe ne daga ɓangarenmu. Ta asalin ita ce wadda ta fito daga ƙashi na 13, mai kama da ta Denisova.

Su wane ne baƙin? Akwai ƙasusuwan da shekarunsu suka yi kusa. A Jebel Irhoud ta Maroko an sami mutane masu fuska irin tamu na kimanin shekara 300,000. A kogon Misliya da ke dutsen Karmel a Isra'ila akwai muƙamuƙin sama mai shekara tsakanin 177,000 da 194,000. A Apidima ta Girka akwai bayan ƙoƙon kai da Katerina Harvati ta ce na irinmu ne, mai shekara 210,000, ko da yake wasu masana ba su yarda ba. Dukkansu a wurare masu ɗumi suka kwanta, kuma babu wanda aka ciro DNA daga jikinsa.